Shekara huɗu kina biyan haraji, ina rasit ɗin?

Tambaya: Malam, ina da gidan abinci a Kano, ma'aikatana tara, cinikin rana yakan kai dubu 150 zuwa 200. Ɗan yayata ne ke kula da maganar haraji. Shekara huɗu ke nan duk wata ina ba shi dubu 40, ya ce ya daidaita da 'yan haraji. Yanzu an kawo min takarda wai ana bina sama da miliyan uku na shekarun baya. Ga shi ina shirin buɗe reshe na biyu da neman kwangilar abincin taruka. Zalunci ne wannan, ko in ƙara masa kuɗi ya je ya kashe maganar?

Amsa: Hajiya, na karanta wasiƙarki daga farko har ƙarshe ina neman kalma ɗaya, ban gan ta ba: rasit. Dubu 40 sau wata 48, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari tara da ashirin ke nan ta fita daga hannunki, kuma ba ki da ko ƙyallen takarda mai ɗauke da sunanki. Saboda haka ki daina cewa kina biyan haraji. Kina dai ba ɗan yayarki kuɗi. A littafin gwamnati ba ki taɓa biyan ko kwabo ba, shi ya sa takarda ta zo.

Ban ce yaron ɓarawo ne ba. Mai yiwuwa ya cinye duka, mai yiwuwa ya ci rabi ya miƙa wa wani rabi a matsayin na goro don kada a leƙo shagon. Duk ɗaya ne a wajenki. Na goro yana sayen shirun mutum ɗaya ne, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki shi ke nan, wanda ya gaje shi fayil zai buɗe, ya ga babu komai a ciki. Haraji ta banki ake biyansa ko ta shafin hukumar, da sunanki da lambar TIN ɗinki, wato lambarki ta mai biyan haraji. Duk wanda ya ce ki kawo tsabar kuɗi a leda, ba gwamnati zai kai wa ba. Yanzu kuma kina tambayata ko ki ƙara masa. Hannun da ya jefa ki rami shi za ki sake miƙa wa igiya?

Akwai wani bawan Allah a Kaduna da ya zo wurina da irin wannan, shi har ya fi ki tsari, domin surukinsa yana kawo masa rasit duk wata, yana jera su cikin jakar leda a ƙasan kanta. Da muka baza su a tebur sai muka ga duk kwafi ne na rasit ɗin wani shago, an goge sunan an rubuta nasa da biro, lamba ɗaya ce a kan kowanne. Bai taɓa dubawa ba, wai kunyar suruki. Da aka sa wa gidan abincinsa kwaɗo, naman da ke firji ya ruɓe, masu dafuwarsa biyu suka koma wurin maƙwabcinsa, kuma zumuncin da yake tsoron ɓatawa ya ɓaci fiye da yadda tambaya ɗaya za ta ɓata shi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Ba a ce ban da ɗan'uwa ba.

To, miliyan ukun nan daga ina ta fito? Kintace ne. Idan mutum bai kai bayanin cinikinsa ba, doka ta ba hukuma damar ta ƙiyasta masa. Jami'i zai zo da azahar, ya ga kujeru cike, ana ta fitar da tuwon shinkafa da farfesu, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Bai ga buhun shinkafa nawa kika saya ba, bai ga kuɗin gas da man janareta ba, bai ga watan azumi da babu cinikin rana ba. Haraji kan riba yake, amma wanda ba shi da littafi ba shi da hanyar nuna cewa cinikin dubu 200 ba ribar dubu 200 ba ce.

Abin gaggawa: kwana 30 kike da su daga ranar da kika karɓi takardar ki rubuta ƙin amincewa. A rubuce, ba a baki ba, kuma a buga miki hatimi a kwafinki. In suka wuce, kuɗin ya zauna a kanki. Ki je ofis da ƙafarki, tare da akanta mai lasisi wanda ba ku haɗa jini ba. Ki karɓo bayanin asusun bankinki da na POS, ki bi dillalan shinkafa da mahauci da mai gas su rubuta miki abin da kike saya, ki haɗa da rasit ɗin haya da jerin albashi. Da waɗannan ake zama a rage, sannan ki nemi a yarje miki biya kashi-kashi. Za ki biya wani abu, kada ki yaudari kanki.

Ki kuma san masu binki ba mutum ɗaya ba ne, wannan rashin sanin shi yaron ya samu ya fake da shi. Idan sunan kasuwanci kawai kika yi wa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, ba kamfani ba, harajin ribarki na jiha ne. A dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, dubu 800 na farko a shekara babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, daga nan kashi 18. Mai ribar miliyan biyar zai biya wajen dubu 690, ƙasa da haka ma in an cire rangwame. Yarinyar da kike biya dubu 40 a wata ba ta kai a cire mata komai ba, amma dole ki kai sunayen ma'aikatanki da albashinsu. Ƙaramar hukuma na da nata na shago da allon talla, shi ma da rasit.

Wanda ya fi damuna shi ne wanda ba ki ambata ba, VAT, harajin tarayya da ake ɗorawa a kan farashin abin da aka sayar. Ɗanyar shinkafa babu VAT a kanta, amma in kika dafa kika zuba a faranti a gidan abinci, akwai kashi 7.5, wato naira 150 a farantin dubu biyu. Tun 2020 wanda cinikinsa ya kai miliyan 25 a shekara ya shiga ciki, kuma cinikin dubu 70 a rana ya isa ya kai ki can. Ke kin ninka haka. Sabuwar doka ta ɗaga wannan iyaka, amma ba ta goge shekarun baya ba. Ki sa akantan ya duba wannan tun kafin wata takardar ta zo.

Maganar reshe na biyu kuwa, ki ajiye ta. Kullum sai na samu mai son buɗe reshe alhali bai san ribar shagon farko ba. Ma'aikatar gwamnati ba za ta ba ki kwangilar abinci ba sai kin nuna takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, ke kuma ko ta wata ɗaya ba ki da ita. Kuɗin da kika tara don sabon wurin, da shi za ki fara biyan wannan bashin.

Shi kuma yaron, ki kira shi gaban mahaifiyarsa, ba faɗa ba zagi, ki ce ya kawo rasit ko sunan wanda yake ba kuɗin, ki ba shi kwana uku. Ko ya kawo ko bai kawo ba, ki ci gaba da shirin takardarki, kwana talatin ɗin nan ba za su jira shi ba. In kina son taimaka masa don zumunci, ki ba shi cefane ko kai saƙon abinci, a biya shi albashi, shi ma ya sa hannu a littafi kamar kowa.