Akwatin tik ɗin da ya cinye min kuɗin aikina

Wai makro ɗinka na Excel, wato ɗan kod ɗin da ke yi maka aiki da kansa, abu ɗaya yake yi ko ka sa tik ko ka cire, kana tambaya me ya jawo. Kai yaro, ba sai ka turo min fayil ba, na san If .Value Then ka rubuta ka miƙe ka tafi shan shayi.

Akwatin tik a Excel iri biyu ne. Na ActiveX shi ke ba da True ko False. Na Form Control kuwa, wanda kuke jawowa don shi ne a sama a jerin, in da tik 1 yake bayarwa, in babu -4146, shi kuma VBA, harshen da ake rubuta makro da shi, duk lambar da ba sifili ba gaskiya ce a wajensa, to ka ga ko yaushe hanyar farko, ta tik, zai bi. In ka ce = True ma ba ka tsira ba, True ɗin -1 ne, sai ya dinga faɗawa Else, wato hanyar babu tik. Ka sa = xlOn kawai, shi ne 1 ɗin. Yadda ake liƙa makro a jikin akwatin kuma kar ma ka tambaye ni.

Wannan abin ni ya taɓa ƙona ni, shi ya sa ma na kula ka. Wani Alhaji mai sayar da atamfa dila-dila a Kwari na yi wa shit ɗin Excel na masu bashi, in an sa tik sunan mutum ya koma shafin waɗanda suka biya, in an cire ya dawo. Na gwada sa tik ya yi kyau, cirewa ce ban gwada ba don ina sauri. Yaron shagonsa kuwa hannunsa ba ya zama, ya danna a kuskure ya sake dannawa wai ya gyara, ashe layin da ya hau gurbin wancan shi ma ya tafi, bashin mutum biyu kenan a danna biyu, kuma aikin makro Ctrl+Z, maɓallin janye kuskure, ba ya dawo da shi. Sai ƙarshen wata Alhaji ya ga lissafi ya ƙi haɗuwa.

Kwana huɗu ina zaune kan dila a bayan shago, ga zafi, ina bin tsohon littafin bashi layi-layi da biro a baki, har na dawo masa da komai, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Da na zo karɓar cikon kuɗina sai ya ce, "Malam, ai kai ya kamata ka biya ni." Har yau wallahi da shit ɗina yake aiki, in na wuce ina hango shi a kwamfutar.

Ku kuma yanzu sai kwafo kod daga intanet ba karatu. In akwatunan naka da yawa ne kar ka rubuta wa kowanne makro, Application.Caller zai faɗa maka wanda aka danna. Ka gwada a kwafin fayil, da tik da babu tik, sannan gobe ka taho min da cajata.