Ga ɗan'uwan da ke neman abin da zai maye masa Rhodes a siteji

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, sau uku na karanta tambayarka, domin kamar labarina kake bayarwa. Ka ce kana da Rhodes Mark I, tsohon fiyanon lantarkin nan mai maɓalli 73, bayanka ya fara ciwo saboda ɗauka da saukewa, kullum kuma gabanka na faɗuwa kada wani abu ya same shi a hanya, kana neman abin da za ka riƙa hawa siteji da shi wanda ba zai kashe maka wannan muryar ba. Irin naka ne sak da ni, na 1976, yana nan a ɗaki lulluɓe da bargo. Shekara shida ina yawo da shi, Kaduna, Jos, Abuja, har Kano. Abu mai nauyin wajen kilo 60, ban da amfilifaya, ban da ƙafafunsa da feda. Amsata a taƙaice, ka bar shi a gida. Ni ban bar nawa a gida da daɗin rai ba, sai da aka yi mini abin da har yau in na tuna shi ƙirjina yake zafi.

Dinar biki ce a Abuja, watan Disamba, tsakiyar hunturu. A al'adata ba na yarda kowa ya ɗauki fiyanon nan. A motata nake kwantar da shi, in kwantar da kujerun baya, in sa katifa a ƙarƙashi. Ranar sai wanda ya shirya bikin ya ce duk kaya su bi motar mai hayar kayan sauti, wai don a isa tare a haɗa da wuri. Na ƙi. Mai kayan sautin ya zo da kansa ya riƙe hannuna, ya ce "Malam, ko ƙwai ka ba ni sai na kai shi bai fashe ba." Dattijo ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, sai na ji nauyin in ci gaba da musu da shi a gaban yaransa. Na bayar.

Da na isa wurin bayan la'asar, sai na tarar da shi a tsaye kan gefensa a jikin bango, murfin a karkace, maƙalli ɗaya ya ɓalle. Wani yaro daga cikinsu ne ya faɗa mini a ɓoye cewa tun daga Kaduna a tsaye ya zo, da wata ƙatuwar lasifika jingine da shi, kuma wajen saukewa ya suɓuce musu ya bugi ƙasa. Na kafa shi hannuna na rawa. Maɓallai uku sun lotsa ba sa dawowa. Tsinken ƙarfe na E na tsakiya, wanda guduma ke bugawa ya ba da sauti, ya karye, in ka danna sai ka ji ƙas, guduma na bugun iska. Wasu tsinkayen sun goce daga bakin maganaɗisunsu, wannan ya yi ihu, na kusa da shi ya yi raɗa. Ga shi ni ne zan buɗe shigowar amarya, ni kaɗai, ba ganga ba komai, kafin sauran su shigo.

Duk da haka ban karaya ba. Na zauna na sauya kiɗan zuwa wani ki da zai kauce wa matattun maɓallan, na gwada, na ce zai yiwu. Na tafi sallar isha'i. Amfilifayata ta Amurka ce, wutar 110 take sha, kullum da ƙaramar taransifomarta nake yawo, na kuma liƙa jan tef a jikin wayar, na faɗa musu baki da baki kada kowa ya taɓa. Kafin in dawo wani ya cire taransifomar saboda wai tana tare hanya, ya soka wayar kai tsaye a layin janareto. Ban lura ba. Na kunna. Wani ƙauri ya tashi, hayaƙi siriri ya fito ta baya, shi ke nan. A lokacin an riga an fara kiran ƙawayen amarya su jeru.

Na je wurin dattijon nan na roƙe shi, wallahi roƙo, ya ba ni layi ɗaya a miksa in shiga kai tsaye, tunda irin Rhodes ɗin nawa, wanda ake kira Stage, ba ya buƙatar wuta da kansa. Ya dube ni a gaban mutane ya ce ba zai lalata miksarsa da tsohon gwangwani ba, ni na jawo wa kaina da nake yawo da kayan bola. Mutumin da ya riƙe hannuna da safe. Da kibod ɗin Yamaha PSR na wani mawaƙi na buɗe shigowar amarya, ban san inda sautukansa suke ba, ba feda, idona cike da ƙwalla. Bayan an tashi kuma ya je ya faɗa wa mai bikin cewa mu muka kawo ruɓaɓɓun kaya, aka zabtare mana kuɗi, mu biyar, har da mai ganga da matarsa ta haihu a satin. Har yau bai ce mini yi haƙuri ba. Mun haɗu sau biyu a wurin aiki, yana gaishe ni kamar ba a yi komai ba. Na bar shi da Allah. Wata uku na yi ina jiran tsinke ɗaya ya iso daga Amurka, na yanke shi daidai tsawo, na yi ta matsar da ɗan sifirin ɗin jikinsa har ya hau saiti. Amfilifayar kuwa sai da aka sake mata taransifomar ciki gaba ɗaya.

To, bari in dawo kan abin da ka tambaya.

Abu na farko da na koma wa shi ne Korg SV-1, mai 73, na hannu na saya. Tun 2009 ya fito, akwai ɗan kwalbar bawul a gabansa yana haske, kuma duk abin da kake so maɓurgi ne a gabanka, ba sai ka shiga allo kana lalube ba. Na so shi ƙwarai. In ka buga da ƙarfi yana yin gurnanin nan da muke nema. Matsalarsa a wurina nauyi, kilo 17 da ɗoriya, in ka haɗa da akwati mai ƙarfi ka sake komawa neman wanda zai kama maka. SV-2 ya biyo baya a 2020, kamanninsu ɗaya, sautukan an ƙara.

Daga nan kowa ya ce mini Nord, Nord. Na sayar da SV-1 na cika kuɗi na ɗauki Electro 6D mai 73. Jan nan na Suwidin. Kilo 9 da 'yan kai, da hannu ɗaya kake ɗaukarsa, ranar farko har na ji kamar an sauke mini dutse daga kai. Sautin Rhodes ɗinsa yana da kyau, suna da kala-kala na shekaru daban-daban da za ka sauke kyauta ka zuba. Amma ka ji inda na yi kuskure, kuma kada ka maimaita. Mai D ɗin nan maɓallansa irin na ogan ne, marasa nauyi. Hannun da ya saba da Mark I, wanda sai ka nutsa yatsa ka ture guduma, in ya sauka a kansu komai da ƙarfi yake fita. Wata biyu ina jin kamar ba ni ke kiɗa ba. Duk wurin da nake son in yi laushi sai ya yi haushi. Na canza saitin ƙarfin taɓawa, ya ɗan rage, bai warke ba. In Nord ɗin kake so, nemi mai HP, shi ne mai maɓallan guduma, kilo 11 da wani abu. In kuma kana haɗawa da ogan a kiɗanku, to mai D ɗin ya fi maka, wannan kai ka san aikinka.

Yanzu Yamaha CP73 nake hawa siteji da shi, wanda ya fito 2019, kilo 13. Ba zan ce ya fi Nord murya ba, akwai waɗanda za su yi mini musu a nan kuma suna da hujja. Amma hannuna ya amince da shi tun daren farko, kuma ni a wurina wannan ya fi komai. Rhodes a yatsa yake. Ka taɓa a hankali ya yi maka ƙararrawa, ka danne shi ya yi gurnani, duk a maɓalli ɗaya. Kibod ɗin da bai ba ka wannan tazarar a ƙarƙashin yatsunka ba, ko muryarsa ta kai zuma daɗi a bidiyo, a siteji za ka ji kanka baƙo. Saboda haka don Allah kada ka yi oda saboda abin da ka ji a YouTube. Nemi wanda yake da shi a cikinmu, ko ka daure ka je shagunan Alaba a Legas, ka zauna awa guda ka buga abin da ka saba bugawa.

Akwai kuma ɗan ƙaramin nan, Reface CP. Kada ka raina shi don maɓallansa 37 ne ƙanana kamar na yara. Bai kai kilo 2 ba, yana aiki da batir AA guda shida, kuma muryar Rhodes da ta Wurlitzer, wani fiyanon lantarkin, da ke cikinsa ta fi ta manya da yawa. In kuɗi bai kai ba, sayi shi, ka haɗa shi ta MIDI, wato wayar da ke sa kibod ɗaya ya sarrafa wani, da duk wani kibod mai maɓallan nauyi da kake da shi. Ni tun daga daren nan na Abuja ba na fita ba tare da shi a jaka ba. Da ina da shi a lokacin, da ban tsaya ina roƙon kowa ba.

Maganar laftof, na san akwai masu ita a nan kuma za su ce manhajojin kwaikwayon fiyano irin su Keyscape ko Lounge Lizard ko Pianoteq sun fi duk waɗannan. A situdiyo ban musa ba. Amma na ga laftof ta sandare a tsakiyar waƙa saboda zafin fitilun siteji, na ga wayar USB ta zare don wani ya taka ta. In za ka bi nan, kada bafa, wato saitin jinkirin sauti a manhajar, ta wuce 128, in ba haka ba za ka ji sautin na biyo yatsanka a baya, sannan ka tanadi abin da za ka koma wa cikin daƙiƙa biyar.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, rabin abin da kake kira muryar Rhodes ɗinka amfilifaya ce. Shekaru kana jin sa ta lasifikar da ke bayanka tana dukan ƙafarka. Ranar da ka soka sabon kibod kai tsaye a miksa za ka ji shi fayau, siriri, ka ce an cuce ka. Ba a cuce ka ba. Kunna kwaikwayon amfilifaya da ke cikinsa, ƙara ɗan datti kaɗan, kaɗan fa, ka rage ƙasa don kada ku yi karo da mai bes. In kana da fedar sauya sauti irin Phase 90 da kake sa wa na gasken, sa wa wannan ma, za ka sha mamaki. Ni har yau da 'yar amfilifayata nake zuwa in ajiye kusa da ni don kunnena kawai, abin da ya tafi wurin jama'a kuma ya bi miksa.

Ka kuma kula da karkarwar nan irin ta Suitcase, wato Rhodes ɗin da ke zuwa da amfilifayarsa da lasifikunsa. A na asali sautin yawo yake yi tsakanin hagu da dama. Yawancin masu sautinmu kuwa waya ɗaya za su miƙo maka, ko su karɓi biyu su haɗe su wuri guda. In aka haɗe hagu da dama, yawon ya ɓace, sai ka yi ta murɗa maɓurgi ba ka jin komai. Tun a gida ka shirya sauti biyu, ɗaya na sitiriyo, ɗaya na mono da karkarwar da ke ɗaga murya tana saukewa irin ta Wurlitzer, ka adana su kusa da juna. Ni sai da na yi wata shida ina zargin kibod kafin wani yaro mai hankali a bayan miksa ya nuna mini. Akwai na kirki a cikinsu, ba duka suka zama ɗaya ba.

Na san wani zai ce ai ana ƙera na gaske sababbi, Vintage Vibe a Amurka, da Rhodes MK8 da aka fara yi a Leeds ta Ingila a 2021. Gaskiya ne, da tsinke da guduma da komai. Amma kuɗinsu kuɗin mota ne, kuma in ka saya ka koma gidan jiya, ga nauyi, ga fargabar wanda zai ɗauka.

Ciwon bayan nan da ka ambata a gurguje, kada ka yi wasa da shi. Ni sai da na kai ba na iya ruku'u sosai kafin na je aka duba ni. Je ka tun yanzu. Kuma ko wane kibod ka saya, duba rubutun wutar da ke bayansa da idonka, sayi sitabilaiza naka na kanka, kada ka bari kowa ya soka maka waya, ko da ya haife ka. In mai biki ya ce kaya su bi motar wani, ka ce a'a, ko da za a fasa aikin. Ni nauyin baki ne ya ja mini.

Shi kuma tsohon, ka same shi wuri a ɗaki nesa da taga, ka rufe shi da kyau musamman in ƙura ta kusa tasowa, ka riƙa buga shi ko sau biyu a sati don maɓallan kada su sandare. In za ka yi rikodin, shi za ka yi da shi. In ka ɗaga murfin sama za ka ga wasu lambobi huɗu da aka buga da tawada a jikin katakon da ke riƙe da maganaɗisun, sati ne da shekarar da aka haɗa shi. Ɗauko hotonsu ka turo nan, ka kuma faɗa mana ko kana haɗawa da ogan, da irin wuraren da kuka fi yin wasa. Ina da ragowar tsinkaye biyu da ban yanke ba, in naka ya taɓa karyewa ka yi mini magana.