Ta ina ɗalibi zai shiga zurfin fizis?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na gama sakandare, kuma hankalina ya karkata ga manyan tambayoyin fizis, irin su asalin sararin samaniya da abin da ke cikin baƙin rami. Wace ce ta fi gagarar masana, kuma ta ina zan fara? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wadda ta fi ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce sulhunta ƙa'idoji biyu. Ta Einstein ta 1915 tana bayanin ƙarfin jan nauyi, wato taurari da manyan halittu. Ta kwantam, wadda Schrödinger ya tsara lissafinta a 1926, tana bayanin ƙwayar zarra da abin da ya gaza ta girma. Kowacce a gidanta ba ta da tamka. Amma a tsakiyar baƙin rami, inda nauyi mai yawa ya dunƙule a wuri ƙanƙani, dole a yi aiki da su tare, sai lissafin ya riƙa haifar da adadi marar iyaka. Gwaji kuma bai kai can ba. Na'urar gwara ƙananan ƙwayoyi ta CERN, cibiyar binciken fizis ta Turai, mai kewayen kilomita 27, wadda ta gano ƙwayar Higgs (ɗaya daga cikin ƙwayoyin da suka gaza zarra girma) a 2012, ko kusa ba ta da ƙarfin leƙa wurin. Ga wata kuma: abin da muka san ko mene ne bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke sararin samaniya ba.

To, kada ka fara da waɗannan. Fara da lissafin kalkulas da aljabara har su zauna maka a hannu. Sai dokokin motsi na Newton, sai lantarki da maganaɗisu na Maxwell, sannan kwantam da ilimin zafi. Ƙa'idar Einstein ta 1915 tana can gaba. Wannan aikin shekaru ne, ba na hutu guda ba.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne karatu babu alƙalami. Mutum ya bi bayani yana gyaɗa kai, a ba shi aiki ya kasa layin farko. Ka ba warware lissafi lokacin da ya ninka na karatu. Gwada wannan: ɗaura dutse a igiya mai tsawon mita 1, ka sake shi ya yi lilo kaɗan. Zuwa da dawowa zai ci kusan daƙiƙa 2. Rufe littafi, ka fito da wannan adadi daga dokar Newton, ka kuma nuna dalilin da igiya mai mita 4 ke cin daƙiƙa 4, ba 8 ba. In ya gagara, da sauranka a nan.

Kowace amsa ka duba ma'auninta. In lokaci kake nema ta fito da mita, akwai kuskure a sama. Ranar da ka ji ka ƙirƙiro sabuwar ƙa'ida kuwa (kusan kowane ɗalibi sai ya ji haka), fara gwada ta da abin da aka riga aka auna. Ta Einstein ma da ba ta komawa ga ta Newton a inda jan nauyi ke da rauni, da babu wanda ya saurare ta.