Kuturtar gyaɗa tana kama mutum?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Ni manomi ne a wani ƙauye wajen Gumel. Bana kuturta ta kama min gyaɗa, ganyen duk ya ƙanƙance ya yi ɗorawa, ta tsugune a ƙasa ko 'ya'yan kirki babu, toh ana cikin haka sai yarana biyu suka kwanta amai da gudawa har sai da muka kai ƙaramin asibiti aka ƙara masa ruwa. Dattawan garinmu sunce cutar gonar ce ta bi su tunda suna tayani noma, yanzu haka uwarsu ta hana su zuwa gonar. Wai da gaske cutar shuka tana kama mutum?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba yaran lafiya ya mayar maka da alheri. Ka kwantar da hankalinka, kuturtar gyaɗa bata kama ɗan Adam, ko da ganyen yaro ya tauna. Sunan ne kawai yake tsorata mutane amma babu abinda ya haɗata da kuturtar mutane. Wata ƙwayar cuta ce da ido baya gani, irin wadda ake kira bairos, kuma wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ake kira darɓa ne yake yaɗa ta, darɓar ce take ɗaukota, idan ta tsotsi ruwan shuka mai ciwo ta koma kan mai lafiya shikenan ta ɗura mata. A 1975 cutar nan ta cinye gyaɗa kusan hekta dubu 700 a arewacin Najeriya, tana cikin abubuwan da suka karya noman gyaɗa har dalar gyaɗar Kano ta zama labari, tambayi dattawan nan naku zasu tuna shekarar. Gonaki ta kashe, bata kwantar da manoma ba.

In ta riga ta kama babu feshin da zai warkar da ita. Baɗi in Allah ya kaimu ka shuka da wuri da zarar damina ta zauna, kar ka bar tazara da yawa tsakanin ramuka, ka tuge duk wadda ta fara nuna alama da gyauron bara, sannan ka nemi iri mai jurewa irin su SAMNUT 24 na cibiyar binciken noma ta Samaru Zariya, malamin gona na yankinku zai nuna maka inda ake samu.

Su kuma yaran, ni ruwan sha nake zargi. Da damina ruwa yana kwaso bahaya daga bayan gari da masai ya zuba a rijiyar da bata da murfi ko kududdufi, ruwan sai ka ganshi garau amma cike yake da ƙwayoyin cuta, ciki harda ta kwalara. A 2021 sama da mutum dubu 100 aka yi zargin sun kamu a ƙasar nan, fiye da dubu 3 suka rasu, kuma Kano da Jigawa suna cikin inda abin ya fi tsanani. A riƙa tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu bayan an fito bayi da bayan an yi wa yaro tsarki. In gudawa ta fara kar a jira, a haɗa ruwan gishiri da suga: lita ɗaya na ruwa mai tsafta, wato leda biyu ta fiyawata, ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba yaro kaɗan kaɗan ana hanyar asibiti. Dan Allah a daina rugawa kemis ana sayo kafso ana ɗura wa yara, ƙarewar ruwan jiki ce take kisa.

Amma fa akwai abu ɗaya daga gona da yake cutar da mutum sosai kuma shi ba'a tsoronsa, wallahi abin yana damuna. Funfuna. Idan aka cire gyaɗa aka tara ta da danshi, ko aka shanya a ƙasa ruwan ƙarshen damina ya taɓa ta, ko aka ɗura a buhu bata gama bushewa ba, wata funfuna mai kore-kore tana kamata tana zuba guba da ake kira aflatoksin, haka ma masara. Gubar nan suya bata kashe ta, dahuwa bata kashe ta, tana nan a ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da miyar da aka kaɗa da ita. Yawanci bata kayar da mutum rana ɗaya, a hankali take cin hanta har ta kai ga kansar hanta musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, yara kuma tana tsumburar da su. Kuma ka duba yadda muke yi a ƙauye, mai kyau a kai kasuwa, wadda ta yamutse ta yi baƙi tana ɗaci a bar wa mata su yi ƙuli da ita yara su ci. Wannan ɗin zubarwa ake yi, ko dabba kar a ba, don in saniya ta ci gubar tana fitowa a nono.

Ɗan abin da ka samu bana ka shanya shi a kan tamfol ko tabarma har sai ka girgiza ƙwanso ka ji yana kacau-kacau, a tsince ruɓaɓɓu, buhun kuma a ɗora kan katako kar ya taɓa ƙasa ko bango. Akwai Aflasafe, wani maganin rage gubar aflatoksin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona sati 2 zuwa 3 kafin gyaɗa ta yi fure, ka tambaya a wajen masu kayan noma.

Ka ce wa uwar yara in sun warware su koma gona abinsu. Rijiyar da kuke ɗiba ita zaka je ka duba yau, ka ga ko tana da murfi da dakali, ka kuma ga nisanta da masai.