Amsata ga Alhaji kan fitar yaran CM

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye maza, iyaye mata, Mushe direkta, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Alhaji, na saurari muryarka ta daren jiya. Ka ce mene ne amfanin a karɓi dala ɗari-ɗari a kwashi yaran CM1 da CM2, azuzuwa biyu na ƙarshen firamare, a kai su meri, wato ofishin magajin gari, da wurin pompiye masu kashe gobara, da komisariya, ofishin ƴan sanda, alhali karatun ma bai zauna ba, ashe ba yawo ba ne? Sannan Hajiya ta ce ita ba za ta bar ɗiyarta ta taka komisariya ba. To ni da na ƙare aikina da alli a hannu, ina goyon bayan a je. Amma in ta ni za a bi, a juya tsarin, a fara da pompiye. In ma kuɗin wuri ɗaya kaɗai za su isa, to can ɗin za a je.

Dalilina, Alhaji, shi ne 2021. A watan Afrilu na shekarar wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas a Yamai, yara kimanin ashirin suka rasu, akasarinsu ƴan ƙanana. A watan Nuwamba kuma ta sake faruwa a Maraɗi, nan kusa da mu, yara sama da ashirin. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. To ajin zana bai ƙare ba a ƙasar nan, mu ma nan Damagaram ku zaga lakwal-lakwal na bakin gari ku gani. Zana da kara, ƙofa ɗaya, yara cunkushe, ga iskar hunturu. Kuma ba lakwal kaɗai ba. Ku dubi kwalaben fetur na ruwa-ruwa da aka jera bakin hanyar da yaranmu ke bi safe da yamma. Wani a cikin ɗakin kwana yake ajiye jarkar man, gefen tukunyar gas.

Yaron da ya je wurin pompiye zai dawo da abin da ni ban iya saka mishi a kai da allo ba. Zai san lambar 18, kuma ba ta cin kuɗin waya. Wanda ya fi wannan ma, zai san abin da ake cewa in an ɗauka. Mutanenmu in sun kira sai ihu, wuta, wuta, ku zo, su kashe waya. Su zo ina? Sai ka faɗi unguwa, ka faɗi kusa da wane masallaci ko wane famfo, ka faɗi me ke ci, ko akwai mutum a ciki, ka tura wani ya tsaya bakin babbar hanya ya tare motar. Wanda ya san lungunan Birni ya san akwai inda mota ba ta shiga, kuma kowa ya san halin ruwa a garin nan. Ruwan da motar ta ɗauko shi ne, in ya ƙare sai an koma an cika. Saboda haka kiran da aka yi da wuri, da kwatance mai kyau, shi ke raba a rasa ɗaki ɗaya da a rasa gida uku.

Kuma za su nuna musu da hannu. Riga ta kama wuta, ba a gudu, a kwanta a yi birgima, ko a lulluɓe mutum da bargo. Wutar mai ko ta fetur ba a watsa mata ruwa, tashi take ta bi ruwan, ƙasa ake zubawa, ko a rufe tukunyar da murfi. An ji warin gas, ba a ƙyasta ashana, ba a taɓa makunnin lantarki, a rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, a fita. Ni na sha faɗa a aji su rubuta a kaye su manta. Amma sojan pompiye da kakinsa da hularsa ya kunna wuta a cikin rabin tano, wato ganga, ya kashe ta a gabansu, yarinya ta ɗaga tiyon ta ji nauyinsa, gani ya kori ji. Ƴan matanmu na CM2 su ne a bakin murhu kullum, Hajiya, kin fi ni sani. Sannan pompiye ba wuta kaɗai suke ba. Hatsarin hanya su ne, wanda ya faɗa rijiya su ne, yaran da ke wanka a tabki da damina in ruwa ya ci su, su ake kira. Ina so su yi wa yaran nan maganar tabki da bakinsu. Kuma su ja kunnensu kan kiran 18 don wasa, don lokacin da ka tare layin wani na can yana ƙonewa.

Mushe direkta, a cikin takardar da za ka rubuta musu, don Allah ka roƙi su ma su zo lakwal wata rana su gwada mana yadda aji ke fita cikin layi ba turereniya, har ƴan CI da CP, ƙananan azuzuwan farko, tunda su ba za a je da su ba.

Sai meri. Nan ba ofishin manya nake so a tsaya ba, a gaisa a wuce, a kai su inda ake rubuta haihuwa. Duk malamin da ya taɓa riƙe CM2 ya san tashin hankalin da ake shiga in an zo haɗa takardun jarabawa. Yaro mai ƙoƙari, na ɗaya ko na biyu a aji, a ce kawo takardar haihuwa, babu. Uba ya shiga zirga-zirgar kotu neman juzman, hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa, da shaidu, da kashe kuɗi, da ɓata kwanaki. Alhali dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, kuma bayyanawar kyauta ce. Yarinyar da ta ga babban rajistan nan an buɗe, ta ga sunan jariri da na uwa da na uba da rana, ta ga an buga hatimi, wallahi in ta koma gida sai ta tambayi uwarta, ƙanena da aka yi suna makon jiya an rubuta shi? Wannan tambayar kaɗai ta biya dala ɗarinka, Alhaji.

Birnin nan an raba shi gunduma biyar, yaro ya san tashi, ya san inda ofishinta yake. Kuma malamai su faɗa musu gaskiyar yadda abin yake yanzu. Abin da aka saba koyarwa shi ne magajin gari da kansiloli zaɓarsu ake, amma tun watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun, waɗanda ke riƙe da biranen naɗa su aka yi. Ba siyasa na kawo ba, kada dai yaro ya ga abu ɗaya a kaye, ya tarar da wani a ofis, ba wanda ya yi mishi bayani. A bar su su yi tambaya. Tikitin da ake yanka wa uwata a Kasuwar Dole ina kuɗin ke zuwa? Wa ke da alhakin kwashe shara da gyaran magudanar ruwa? Tambayar ɗan ƙasa ce, ba rashin kunya ba.

Hajiya, maganar komisariya kuma, tsoronki yana da tushe, ban raina shi ba. Akwai abin da bai kamata idon yaro ya gani ba. Sharaɗinmu shi ne ba za a bi da su ta inda ake tsare mutane ba, ba za su ga wani da ankwa ba, don mutuncin wancan ɗin ma, wataƙila maƙwabcin ɗayansu ne. A tsakar fili za a tarbe su. Amma mu ne muke cewa yaro in ba ka yi shiru ba zan kira ma ɗan sanda, to ranar da ya ɓace a kasuwa ko a filin idi, wanda zai taimake shi shi zai fara guje wa. Su san 17, lambar kiran ƴan sanda. Su san polis daban, jandarma daban, gardi daban. A nuna musu yadda ake tsallaka titi, don kabu-kabu da adaidaita sun fi kome yi mana ɓarna a bakin lakwal. Kuma mu roƙa a ba mu ƴar sanda mace ta zauna da ƴan mata su kaɗai, ta gaya musu abin da za su yi in wani babba yana tare su a hanya. Duk da haka, wadda ranta bai kwanta ba, ɗiyarta ta je wuri biyun ta dawo, ba dole.

Wanda ya ce a haɗa da fadar Mai Martaba, shawara ce mai kyau, amma a ware mata rana. Tarihin Sarki Tanimun da ganuwa, da zaman Zinder babban birnin Nijar har 1926, ba abin da za a gama a tsaye cikin minti goma ba ne.

Abin da ya rage shiri ne. Takarda ta bi ta hannun sufeton makarantu, a samu izini a rubuce, don da yanayin tsaron da ake ciki ba a zuwa wuraren nan kai tsaye, kuma kada kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoto sai an ce ya ɗauka. A yi kafin zafin Maris ya shigo, a fita da ƙarfe 8, kafin 11 an dawo. Aji ɗaya a rana, a raba shi biyu, kowane rukuni da malami da uwa biyu, a kira suna wajen fita, a kira wajen dawowa. Motar da ke da kujeru za a ɗauka, ban yarda a loda mana yara a bayan a-kori-kura ba. Kowa da gorar ruwansa. A roƙi jami'an su yi bayani da Hausa, yanzu ma ita ce harshen ƙasa tun 2025, Faransancin a yi shi a aji washegari in ana rubuta abin da aka gano.

Kuɗi kuma, Alhaji, kana da gaskiya a tambaya. Ma'ajin COGES, kwamitin kula da lakwal, ya saka mana lissafin a nan gurup, nawa aka tara, nawa mota ta ci. Kuma yaron da ubansa bai da dala ɗarin kada a bar shi a aji yana kallon ƴan uwansa suna shiga mota. Ni na ɗauki na yara biyar, wanda Allah ya hore wa ya ƙara.

Ana bukatar iyaye mata huɗu masu rakiya, na saka sunana, saura uku. Mu haɗu ranar Asabar bayan la'asar a lakwal mu tsayar da rana. Na gode, wassalamu alaikum.