Na'urar rubutu mai fuskar e-ink: ta cancanci kuɗinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata kwalejin ilimi, ina kuma karatun digiri na biyu. Littattafan rubutuna sun yi yawa har ba na gane inda na rubuta me, karatun PDF a waya yana sa mini ciwon ido, da na ɗauki wayar kuma WhatsApp ya ja ni. Na ga ana tallan na'urorin rubutu masu fuskar e-ink. Shin in tara kuɗi in sayi ɗaya maimakon in sabunta laftof ɗina da ta tsufa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Idan zaɓin tsakaninta da laftof ne, laftof za ki sabunta. Wannan na'ura gurbin takarda da biro take cikewa. Ba za ki buga kundin digirinki a kanta cikin jin daɗi ba, ba kuma za ki yi lissafin sakamakon ɗalibai a Excel ba. Amma idan laftof ɗin za ta ƙara kai ki shekara ɗaya ko biyu, to matsalolin da kika lissafa su ne ainihin abin da aka ƙera na'urar domin su, ban da guda ɗaya da zan zo kansa.

Sai kin san yadda fuskarta take aiki za ki gane alherinta da kasawarta, domin duka daga wuri ɗaya suka fito. Fuskar waya fitila ce da ke haska idonki kai tsaye, tana sabunta hoto sau 60 ko fiye a daƙiƙa. Ita kuwa e-ink, wadda aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka kafin a kafa kamfanin E Ink a 1997, cike take da miliyoyin ƙananan ƙwayoyi, kowace da ƙurar launi fara da baƙa a cikin ruwa. Lantarki kaɗan ne ke tura farar sama ko baƙar, da sun zauna kuma shi ke nan, ba sa neman wuta sai za a canza shafi. Kamar rubutun tawada ne a allo, yana nan har sai an wanke. Shi ya sa caji ɗaya ke kai mako ɗaya zuwa biyu ga mai rubutu kullum, shi ya sa kuma rana ba ta kashe rubutun, ƙara fito da shi take yi. Ga wanda wuta ke yi masa zuwa da tafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ƙurar nan tafiya take yi da gaske, tafiya kuwa tana cin lokaci. Juya shafi yana da ɗan jinkiri, wani lokaci inuwar shafin baya takan rage har sai fuskar ta yi ƙyaftawa baƙi ta goge kanta. Bidiyo ba ya kyau. Masu launi ma launinsu a kwance yake, kamar na tsohuwar jarida, kuma irin da ake kira Kaleido 3 fuskarsa ta fi ta baƙi da fari duhu. In ba zane-zane ko taswira kike karantawa ba, kada ki biya kuɗin launi.

Rubutun kansa yana da daɗi. Yawancinsu suna amfani da alƙalamin fasahar Wacom wanda ba shi da batir, fuskar kuma an ɗan yi mata kaushi don bakin alƙalami ya riƙa kamawa, ba ya sulɓi irin na gilashin iPad. Boko, Larabci ko ajami, duk abin da hannunki ya zana shi za ta ajiye. Bakin alƙalamin yana cinyewa da amfani, don haka ki haɗa da na canji tun ranar saye, domin samunsu a kasuwanninmu wahala ne. Na'urar da ake kira Supernote ce ta kauce wa wannan da bakin tangaran da ba ya cinyewa.

Batun WhatsApp shi zai raba miki gardamar wacce za ki saya. reMarkable, ta wani kamfanin ƙasar Norway, da gangan aka hana ta komai sai rubutu da karatun PDF da EPUB, wato wani tsarin fayil na littattafai. reMarkable 2 da ta fito a 2020 ko fitila ba ta da ita, idan aka ɗauke wuta da dare sai kin kunna tocila. Kindle Scribe ta Amazon, ta 2022, tana da fitila kuma rubutunta ya fi fitowa tsaf, amma ta fi karkata ga mai karatun littattafai fiye da mai tsara rubuce-rubuce. Boox ta kamfanin Onyx na China kuwa Android ce cikakkiya, da Play Store. Mutane da yawa suna ganin wannan ne fifikonta, kuma ga mai buƙatar manhajar ɗakin karatu ko OneNote, manhajar ajiye rubuce-rubuce, haka ne. A gare ki, Malama, ina ganin tarko ne. Na'urar da za ta karɓi WhatsApp wata rana sai kin saka mata shi, batirinta ma ya fi saurin ƙarewa.

Ki kula da girma. Fuskar inci 10.3, wadda ta fi yawa, kusan girman A5 ce, rabin takardar A4. Maƙalar mujallar ilimi mai layi biyu a shafi takan fito ƙanana a kanta, sai kin yanke gefuna ko kin kwantar da na'urar. Mai inci 13.3 ce ke kusa da A4, ta fi tsada ta kuma fi nauyi a jaka. Kafin ki biya, ki buga shafi ɗaya na irin maƙalun da kike karantawa a girman A5 ki gani ko idonki zai ɗauka.

Kuɗin masu inci 10 yakan faɗa tsakanin dala 300 da 600, kafin jigila da kwastan, wasu kuma alƙalami da riga daban ake sayarwa. Rigar dole ce. Fuskar da yawansu siririn gilashi ne a ciki, matsi a cikin jaka ya isa ya fasa shi ko da waje bai nuna komai ba, masu gyaran waya kuma ba su cika ajiye irin wannan fuska ba. Kada a bar ta a mota cikin zafin bazara.

Saura matsalar da na ce ba za ta warware miki ita kaɗai ba, wato rashin gane inda kika rubuta me. Wanda littattafansa na takarda suke a hargitse zai tara fayiloli a hargitse, har ma ya fi muni, domin littafin takarda kina gane shi da launin bangonsa. Ana tallan cewa na'urar tana mayar da rubutun hannu zuwa na bugu har a iya bincike a ciki. Da Turanci mai tsabta tana ƙoƙari. Idan kika cakuɗa da Hausa alhali an saita ta a Turanci, za ta riƙa jan kalmominki zuwa na Turanci mafi kama da su, ƙ da ɗ da ɓ kuma su koma k da d da b ko wani abu daban. A reMarkable sai da intanet ma ake yin wannan juyin.

Saboda haka tsarin daga gare ki zai fito. Folda ɗaya ga kowane kwas da kike koyarwa, ɗaya ga bincikenki, ba ƙari. Kowane shafi ki fara shi da kwanan wata da kanun magana. Sharhin da za ki yi wa maƙala ki rubuta shi a jikin PDF ɗin, amma jimlar da kika san za ta shiga kundinki ki kwafe ta zuwa littafi guda da kika ware, tare da sunan marubuci da lambar shafi. Duk ƙarshen mako ki fitar da abin da kika rubuta a matsayin PDF zuwa laftof ta kebul ko zuwa Google Drive, domin ranar da fuskar ta fashe ba za ki ga ko layi ɗaya a kanta ba. Wannan tsari ki fara gwada shi wata guda da littafin takarda mai araha kafin ki taɓa kuɗin da kike tarawa.