Ƙibar matan Yamai: amsa ga ƙanwata ta Kano

Ƙanwata, kin tambaye ni ko da gaske ne a nan Yamai ana yi wa mata ɗure don su yi ƙiba. An haɗa miki abubuwa ne wuri ɗaya.

Ɗuren da kika ji na Larabawan Azawak ne, can arewacin Tawa. Da yarinya ta fara famfara, sai a soma cika ta da nono da kunun gero, ko tana so ko ba ta so. Zabarmawa kuwa, masu garin nan, hangandi suke da shi: mace ta yi ta ci har ta murje, sannan a yi biki a yaba wadda ta fi cika ido. Mu Hausawan Zango ba ma yin ko ɗaya, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ran da mai jego ta gama arba'in ta koma ɗakinta, jikinta dangin miji ke fara dubawa. Wuya ya cika? Awarwaro ya matse hannu? To, iyayenta sun iya riƙo. Amarya ta shekara ba ta ƙara ba, sai ki ji ana raɗa: "Anya yana kula da ita?" Kuma ba duka suka yi kuskure ba, don damuwa tana toshe cin abinci, tana hana barci, mace ta yi ta zubewa.

Abin da ke ƙona mini rai, maimakon a tambaye ta me ke damun ta, sai a miƙa mata ƙwaya daga masu tallar magani. Deksametazon, wato ƙwayar da ake miƙa mata, ba maganin ƙiba ba ne. Ruwa yake tarawa, fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu su sirance. Bayansa akwai hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kuma, kada ta yanke shi dare ɗaya, likita ne zai rage mata kaɗan-kaɗan.

'Yan matanmu na makaranta su ne a tsaka mai wuya. Kaka na cewa su ƙara tuwo, TikTok na nuna musu siraran mata. Akwai wadda za ta cinye a gaban uwarta, ta zaga bayi ta amayar. Wannan ciwo ne, ba iyayi ba, kuma asibiti ake kai ta.